Takalmi Mai Kuka

Baduku ya farke takalmin 'yarsa da wuƙa ranar wata Talata da sassafe, ya ciro abin da ke cikin dunduniya ya watsa a kwandon shara.

Ba da mugunta ya yi ba. Shekara arba'in da ɗoriya haka yake yi a gidansa. Kafin kowa ya tashi yakan fito bakin ƙofa, ya ɗauki takalman mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya juya su, ya danna da babban yatsa. Wanda ya tsinke ya ɗinke, wanda ya cinye ya ƙara masa roba. Ba ya tambaya, ba ya jiran godiya. 'Ya'yansa biyar sun girma, ba wanda ya taɓa fita da takalmi mai buɗaɗɗen baki. Huɗu sun yi nasu gidajen. Auta kaɗai ta rage, ita ce ta yi karatu mai zurfi, tana aiki a wata ma'aikata can ƙarshen gari.

Takalmin nan nata ya daɗe da tsaya masa a rai. Baƙi ne, mai kaurin dunduniya, ba kyau ba fasali. Ga shi kuma da kuka. Duk taku sai ya ce ƙas. Ƙas, ƙas, daga ɗakinta zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa titi. Kusan wata huɗu yana jin wannan. Bai samu ya kama shi ba, don kullum da abinta take shigewa ɗaki.

Ranar Litinin da yamma ta bi ta gaban rumfarsa, ta gaishe shi ta wuce. Tela, wanda rumfarsa ke manne da tasa, ya tsayar da keke ya kasa kunne.

"Sarkin fata, ga Injiniya can ta wuce da makaɗanta."

"Ka ji da ɗinkinka."

"Ni dai cewa na yi, in aiki ya yi maka yawa, a kai wa sabon mai gyaran nan na bakin tasha. An ce hannunsa da kyau."

Mutum uku da ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Baduku ya ci gaba da jan zare, sai da zaren ya tsinke.

Kafin Auta ta ƙarasa gida ruwa ya sauko, ya jiƙa ta sharkaf. Ta jingine takalman a bango kusa da ƙofa don su tsane. Nan ya same su da safe.

Ya zauna a kan ɗan kujerarsa ya ɗora na hagu a cinya. A gefen dunduniyar akwai wata jar roba mai lamba, ya ɗauka tambarin kanti ne, ya ɓalle ta. Ya sa wuƙa ya bi ɗinki. A ciki ya tarar da wani siririn faranti kamar murfin gwangwani, da wayoyi kamar gashi, da ɗan batir, da wani baƙin abu bai fi ƙwayar wake ba. Ya girgiza kai. Masu ma'aikatar takalmi na yanzu ba abin da ba za su cusa ba don su rage roba. Ya sa wuƙa ya datse wayoyin, baƙin abin ya ƙi fita, ya raba shi biyu ya ƙwaƙule. Na dama ma haka. Ya yanko roba mai kyau, wadda yake ɓoyewa don manyan masu kawo masa aiki, ya cike ramin, ya shafa gam, ya yi ɗinki layi biyu. Ya goge su har suna ɗaukar ido. Ya ajiye su inda ya same su, ya koma yana shan shayi.

Auta ta fito da jakarta a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zura ƙafa. Ta yi taku ɗaya. Ta yi na biyu. Ta tsaya.

Ta ɗaga ƙafa ta buga dunduniya da ƙasa. Shiru.

"Baba, wa ya taɓa mini takalmi?"

"Ni. Na gyara miki."

"Ina abin da ke ciki?"

Ya nuna kwandon shara da haɓa.

Ta sauke jakar a hankali. Ta durƙusa gaban kwandon ta shiga tsintar abubuwan cikin ganyen shayi da ɓawon ƙwai. Ta jera su a tafin hannu. Da ta kai kan baƙin abin nan, ta haɗa rabi da rabi, suka sake rabuwa. Innarta ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ga fuskar 'yarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kwana ɗari da goma sha uku," in ji Auta. Ba ta ɗaga murya ba. "Saura bakwai."

"Saura bakwai a yi me?"

"Baba, ai na faɗa maka. Ranar da na fara sa shi, a nan wurin kana zaune. Na ce farantin nan duk taku yana ɗan lanƙwasa, sai ya ba da wuta, wutar ta taru a batir. Tafiyar yini ɗaya ta isa a yi cajin na'urar kunne ta mai ƙarancin ji, ko a ƙauyen da bai taɓa ganin lantarki ba. Shekara biyu ina kansa. Baƙin abin nan shi ke riƙe da shaidar kowane taku da wutar da ya bayar. Kwamiti ya ce sai ya yi kwana ɗari da ashirin a ƙafar mutum, a rufe, ba a ɓalle jar robar ba."

Ya tuna. Rediyo yake saurara a ranar, ana labarin ƙwallo. Ta yi ta bayani, shi kuma ya ce, "Wuta a takalmi? Allah ya kyauta," ya ƙara muryar rediyon. Ya kuma tuna wata huɗun nan da ta daina hawa bas, take zuwa aiki da ƙafa ta dawo da ƙafa, rana ko iska. Ya ɗauka irin tsirfar 'yan boko ce ta motsa jiki.

Duk wannan ya zo masa a lokaci guda. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa daban.

"Takalmi ba ya kuka. In ya yi kuka, ya lalace."

Auta ta dube shi. Ta naɗe tarkacen a hankici, ta sa a jaka, ta cire takalman da ya gyara ta ajiye su gefe. Ta shiga ɗaki ta fito da wasu tsofaffi. Ta ce, "Sai na dawo," ta fita.

Inna ta ajiye ludayin.

"Malam, ka bi ta ka ba ta haƙuri."

"Ni?"

"Kai mana. Akwai wani mai wuƙa a gidan nan?"

"An taɓa ganin inda uba ya gyara wa 'yarsa takalmi ya zama laifi?"

"Yau an gani. Baki gare ka, da ka ƙwanƙwasa mata ƙofa ka tambaya, me zai ragu a jikinka?"

"Shekara arba'in ban tambayi kowa ba."

"Shekara arba'in takalmana kake gyarawa, ni kuwa ba komai a cikinsu sai ƙafa."

Ya ɗauki hularsa ya fita, shayin ya huce a kofi.

A rumfa Tela ya tare shi da fara'a.

"Yau Injiniya ta wuce a bas, na hango ta. Ko an kori makaɗan ne?"

"Mai almakashi, in ka ƙara magana a kan 'yata, ni da kai har abada."

Tela ya dubi fuskarsa, ya mayar da kai kan keke.

Auta ba ta yi fushi irin wanda ya sani ba. Da ta yi kuka ko ta ƙi cin abinci, da ya san yadda zai yi da ita. Sai ta ci gaba da gaishe shi safe da yamma, a durƙushe, yadda aka koya mata. "Ina kwana, Baba." "Sannu da gida, Baba." Daga nan ba ƙari. A da takan zauna ta ba shi labarin wurin aiki yana yi kamar ba ya ji. Yanzu da yake son ji, babu.

Ranar Laraba ya ture aikin mutane gefe. Ya samo murfin gwangwani, ya yanka shi daidai faɗin farantin nan. Bai auna ba, yatsunsa sun riƙe girman. Ya ɗauko takalman da ya gyara, ya farke ɗinkinsa da hannunsa, ya ciro robar, ya sa murfin a ramin ya danna. Ƙas. Ya sake dannawa yana kallo. Sai ya gane. Ramin ya fi farantin zurfi da kaurin farce, shi ya sa gefensa ke bugun roba in ya dawo. Ya fere fatar akuya har ta yi siriri kamar takarda, ya shimfiɗa a gefen ramin, ya bar tsakiya a sake don farantin ya samu wurin lanƙwasa. Ya danna. Murfin ya lanƙwasa ya dawo, ba sauti.

Ya daɗe zaune da takalmin a cinya. Aikin minti goma ne. Da a ranar farko ya rage muryar rediyo, da minti goma ya ishe su.

Bai mayar da tsofaffin ba. Sababbi ya yanka, daga fatar da ya ajiye tun shekara shida yana jiran aikin da ya cancanta. Ya yi ramin dunduniya da murfi mai shiga daidai, ya bi ɗinkin da kakin zuma don kada ruwa ya ratsa, ya bar 'yar ƙofa a gefe inda ya ga batirin yake. Kwana shida yana yi. Masu kawo gyara suka yi ta zuwa suna komawa. Tela ya leƙo sau ɗaya, ya ga aikin, ya ce, "Wannan kuma na wace amarya ce?" Baduku ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ranar Laraba ta sama ya sa rigarsa ta fita, ya naɗe takalman a jarida, ya hau bas zuwa ƙarshen gari. Bai taɓa zuwa ma'aikatar ba. Mai gadi ya tsayar da shi a ƙofa.

"Baba, ba a talla a nan."

"Na yi maka kama da mai talla? Shugabar 'yata nake nema."

Sai da aka yi waya sau biyu kafin a bar shi. Aka bi da shi wani dogon baranda mai farin fitila, aka shigar da shi wani ɗaki mai sanyi. A tsakiyar ɗakin wani inji ne riƙe da ƙafar ƙarfe, tana taka takalmi tana ɗagawa, tana takawa tana ɗagawa, ba gajiya. A jikin bango kanta ce cike da takalma, kowanne da lamba. Ya dube su da idon sana'a. Ko ɗaya babu mai ɗinkin kirki.

Shugabar mace ce mai furfura kaɗan, da tabarau rataye a wuya. Ta ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Ni ne uban Auta. Ni na yanke takalmin. Ba ita ba. Ba ta sani ba, tana barci."

Shugabar ta gyara zama.

"Ashe kai ne, Baba. Ta ce a gida ya lalace, kuma sakacinta ne. Na tambaye ta sau uku wa ya yi, ta ƙi faɗa."

"To yanzu kin ji. A mayar mata da aikinta."

"Jiya kwamiti ya zauna. Mutum uku suka shiga gwajin, kowa da irin nasa. Nata ne ya fi ba da wuta, ni na sani, don kullum ina ganin wutar da batirinta ke tarawa. Amma kwamiti ba ya aiki da abin da na sani. Shaida yake so, shaidar kuwa ta rabu biyu. Sun ɗauki na wani abokin aikinta. Ita an mayar da ita sashen gwajin batir."

"Ku sake gwadawa."

"Ma'aikata ba za ta sake ba. In mutum ya kawo shaidar kwana ɗari da ashirin da kansa, zan sa wa takalmin hatimi, kuma zan kai wa kwamiti. Ko za su duba, ban yi alkawari ba. Faranti biyu suka rage irin nata, suna hannunta. Ta ce ta gaji."

Ya warware jaridar ya ɗora takalman a tebur. Shugabar ta sa tabarau. Ta buɗe dunduniyar, ta shafa fatar da ke gefen ramin, ta danna murfin gwangwanin da ya bari a ciki. Ta sake dannawa kusa da kunnenta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Wata takwas muna neman abin da zai kashe ƙarar nan. Har injin can muka sa."

"Fatar akuya ce."

Ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce, "Ƙofa ta uku a hagu. Ita ke da iko da farantanta, ba ni ba."

Ɗakin gwajin batir ƙarami ne, ba taga. Auta tana zaune ita kaɗai gaban wani allo, tana ɗaukar batir daga tire ɗaya, ta sa a na'ura, ta rubuta, ta ajiye a wani tiren. Da ta gan shi ta miƙe da sauri.

"Baba? Lafiya? Inna ce?"

"Lafiyarta ƙalau. Ungo."

Ta karɓa. Ta juya takalman yadda shi yake juyawa, ta danna da babban yatsa. Ta buɗe dunduniyar ta daɗe tana kallon ramin. Ya ga ta gane. 'Yar baduku ce, ta san aiki in ta gani.

"Na je wurin shugabarku," ya ce. "Na faɗa mata ni ne."

"Ban so ka faɗa ba."

"Na riga na faɗa. Ta ce faranti biyu sun rage. Ba ni su. In sa a nan, ta sa hatiminta. Girman ƙafarmu ɗaya, na auna. Ke kin gaji, ni zan taka. Daga gida zuwa rumfa, daga rumfa zuwa nan, in koma. Kwana ɗari da ashirin."

"Da wannan gwiwar taka? Matakala biyar na ƙofar gida sai ka huta a ta uku."

"Gwiwata ce. Ba ruwanki."

Ta ajiye takalman a tebur tsakanin tirori biyun.

"Aikin ya yi kyau, Baba. Ban taɓa ganin irinsa ba. Da na samu wannan tun farko, da ko a ɗaki ba sai na ɓoye shi ba." Ta shafa ɗinkin da yatsa. "Na so in kawo maka. Sau biyu na zo rumfa da shi a jaka. Na farko ka ce in ba gyara na kawo ba in matsa, ina tare maka haske. Na biyu na tsaya na ga kana hira, na wuce."

Bai tuna na farkon ba. Amma ya san muryarsa ce.

Kalmar ban haƙurin tana nan, ya taho da ita tun daga gida, ya yi ta juya ta a bas. Gajeriya ce, ko yaro ya iya ta. Ya buɗe baki. Ya dubi 'yar da ya ɗinka wa takalmin farko tana rarrafe, tana tsaye tana jira, idonta a kansa.

"Ke ma da kin rubuta a jiki," ya ce. "Mutum ya ajiye abu a bakin ƙofa ba alama."

Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, fuskarta ta koma irin ta gaisuwar safe da yamma.

"Haka ne, Baba. Laifina ne."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na ji abin da kake nufi."

Ta ɗauki jaridar ta naɗe takalman da kyau, ta lanƙwasa bakin takardar, ta miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ta ajiye a gefen tebur kusa da shi, ta koma ta zauna, ta ɗauki batir daga tire.

Ya tsaya. Ta bango yana jin injin can yana taka takalmi yana ɗagawa. Ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi a gaban 'ya'yansa ba, ya riƙe ta a ƙirji.

"Auta. Farantan. Ba ni in taka miki."

Ta sa batirin a na'ura, ta jira lamba ta fito, ta rubuta.

"A'a, Baba. Ba zan ba ka ba."